'Yan Kunnen Zinariya na Baba

Volos, 20 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Lefteris,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a can Melbourne. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar Baba da take kumbura saboda sanyi.

Yaya, zuciyata ce ta cika, shi ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya aka yi bikin shekara-shekara na ranar waliyyin da Baba ya ci sunansa. Ni na kwana biyu ina gashi da tuya, ƙanwarmu Fotini kuwa ta iso daga Atina da kwalin alewa da sabon gyaran gashi. Ana gama ci Baba ya buɗe kabad ɗin kayan tarihinsa a gaban baƙi, ya ciro 'yan kunnen zinariyar nan masu kan zaki, waɗanda suka haura shekara dubu biyu, ya kara su a kunnenta. Wai tamkar don ita aka ƙera su. Ita kuma sai fari take da ido, tana cewa, "Kai Baba, ka bari mana, Yaya Evanthia za ta ji haushi." To na ji, ba zan ɓoye maka ba.

Ka dai tuna laifina. Ina da shekara goma sha tara na ga zoben tagullar Romawan nan ya yi kore, na dirje shi da lemun tsami da gishiri kamar yadda Mama ta koya mana wankin tukwane, na kai masa yana ƙyalli ina jiran yabo. Ashe koren nan shi masana suke nema. Ya ce na kankare shekara dubu biyu kafin a sauke abincin rana. Tun ranar, shekara talatin ke nan, ban ƙara taɓa mabuɗin kabad ɗin ba. Fotini ba ta taɓa ɓata komai ba, don ba ta taɓa wanke komai ba.

Yanzu Baba zai sanar da ofishin kayan tarihi wanda zai riƙe kayan bayan ransa. Hannunsa na rawa, don haka ni ya zaunar jiya in rubuta masa takardar. Da hannuna na rubuta sunan Fotini, har ya yaba mini kyawun rubutu. Takardar tana jakata, ya ce in kai ƙarshen wata. Maganarka kaɗai yake ji, Yaya. Ka kira shi, ko zai sake tunani. In ba ka kira ba, to zan kai takardar, don ni ake aike a gidan nan.

Ka gaishe mini da Anti Vasiliki da su Nikiforos da Danai. Baba ma yana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Evanthia