Inji Lafiya Lau, Direba Ne Ba Lafiya

Inna Dudu, don Allah ki agaza mini, amma ki sakaya sunana, domin duk bakin ruwan Yelwa an san ni.

Ni direban jirgin ruwa ne, ina ɗaukar fasinja zuwa kasuwar Wara a jirgin yayana. Shekaruna ashirin da bakwai. Tun shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, shekara uku ke nan, cikina ya ƙi ni. Sai ya murɗa, gudawa ta biyo, da majina da jini. Ya yi wata biyu yana cina, ya lafa har in manta, sannan ya dawo babu sallama. Na sha sabara, na sha jiƙon basir kala bakwai, ban ga komai ba sai rama.

To Inna, ki duba: tsakiyar ruwa, mutum talatin a jirgi, rabinsu mata masu kifi, har da surukata wani lokaci. Ina zan zagaya? Sai na ƙirƙiro dabara. Da na ji murɗawar, sai in kashe inji kusa da wani tsibiri, in ce ya ɗau zafi, in ɗauki sifana in shige ciyawa. Har yau ba wanda ya tambayi me sifana ke gyarawa a cikin ciyawa.

Matsalar ita ce yayana ya yarda. Sau uku yana kai injin wurin Idi makanike, Idi ya kwance shi kaf bai ga komai ba. Yanzu Yaya ya daina gaisawa da Idi, ni kuma ya ce hannuna ne ba ya jituwa da inji, bayan Sallah zai ba wani jirgin. Ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ban iya wata sana'a ba. Wallahi tsoro nake ji.

Na je asibiti a Sakkwato. Likita ya duba bayan gidana, ya leƙa ni da wata na'ura ta inda ba zan faɗa ba, ya ce ba atini ba ne, ba tsargiya ba ce, kumburin hanji ne, kuma ciwon ya fi yawa a ƙasar Turawa. Inna, ni ko Kontagora sau ɗaya na je! Na sha ƙwayoyinsa mako uku, na ji sauƙi, na ajiye. Ga shi ya dawo. Anya bai ba ni ciwon wani ba?

Naki, Mai Sifana.

Amsa:

Ɗana Mai Sifana, na yi dariya, sannan na tausaya maka, don wannan ciwo ba na wasa ba ne.

Shakkarka tana da dalili. Mutumin bakin ruwa in ya ga jini, atini da tsargiya ake fara zargi, kuma gaskiya ne an fi samun kumburin hanji a Turai da Amurka. Amma ka ce likita ya bincika waɗancan bai same su ba. "Ya fi yawa a can" ba ya nufin babu shi a nan. Wataƙila ma da yawa namu suna da shi, suna ta shan jiƙon basir kamarka, ba a ƙidaya su ba. Ya fi kama matasa irinka, kuma halinsa ke nan a farko: ya taso, ya lafa, ya dawo. Lafawa ba warkewa ba ce. Ka koma wurin likitan, ka faɗa masa ka ajiye magani, kada ka sake ajiyewa sai da izninsa. Ka bar jiƙe-jiƙen nan. Ba a ɗaukar wannan ciwo daga mutum zuwa mutum, don haka iyalinka su kwantar da hankali.

Yayanka kuwa bai zalunce ka ba, abin da ka faɗa masa ya ɗauka. Ka same shi ku biyu, ka nuna masa takardar asibiti, ka nemi wani ya riƙe maka jirgin duk lokacin da ciwon ya taso. Kunyar minti biyar ce, ta fi ka rasa abincin 'ya'yanka sauƙi. Daga nan ka wuce wurin Idi ka nemi gafara, domin shekara uku bawan Allah yana neman ciwon cikinka a cikin kabiretar inji.

Allah ya ba ka lafiya, ya bar maka jirginka.

Inna Dudu