'Ya'yan Ragon Ruwa a Tafkin Ɗorawa

Juma'a, 4 ga Afrilu, 2025

Bayan masallaci na rufe keken ɗinki na ɗauki fatsa, kamar kullum. Kogi ya yanke, sai ƙananan tafkuna nan da can. Ko motsi igiya ba ta yi ba. A hanyar dawowa na tarar da mata suna kamun kifi da gidan sauro a wani ɗan tafki da ya kusa ƙafewa. Na leƙa robar da suke zuba kifin: 'ya'yan ragon ruwa, ko yatsana ba su kai ba! Rabon da in kama babba tun kafin in aurar da 'yata Zainab. Ashe a miyar mutane suke ƙarewa. Raina ya ɓaci, na kasa cin tuwo.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na yanke shawara. Zan kwashe su a babur in kai Tafkin Ɗorawa, shi ne ba ya ƙafewa. In sun kai damina sun tsira. Kubura, uwargidana, ta ce wasu na kawo kifi gida, nata mijin kai shi ruwa yake yi.

Talata, 8 ga Afrilu

Sun mutu. Duka. A jarka na zuba su na murɗe marfi gam don kada ruwa ya zube, ga rana tsaka. Da na juye sai fararen ciki kawai. Na daɗe a tsugune.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Tabita mai suyar kifi a bakin tasha ta ji labari, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ko ɗan akuya ba a toshe masa hanci a kai shi kasuwa. Na zaci iyakarta ke nan. Yau da sassafe sai ga ta da matan unguwarsu, kowacce da baho, sun kwaso 'ya'yan kifin a ciki, sun yanko ganye sun ɗora a kan ruwan yadda suke yi in sun ɗebo daga rafi don kada ya fantsama. A ka suka ɗauka, a ƙafa, har Tafkin Ɗorawa. Ni da babur ɗina na zama ɗan rakiya. Ko ɗaya bai mutu ba.

Na tambaye ta, ba ku ne masu gidan sauron ba? Ta ce su ne mana, amma ita ma ta gaji da sayen kifin ƙanƙara.

Laraba, 16 ga Afrilu

Kai, Khalilu! Wane irin kai gare ni? An yi shela a kasuwa: ran Asabar ta sama za a yi su, kamun kifin gayya na shekara, kuma a Tafkin Ɗorawa. Ni da ba na fashin su, ni na manta. Na tara musu 'ya'yan nan wuri guda, sai dai kowa ya zo da gidan sauro ya share.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Mun je wurin Sarkin Ruwa, ni da Tabita. Na roƙi a ɗaga su bana. Ya ce tun kakanninsa ba a taɓa ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Sai Tabita ta durƙusa ta ce, "Baba, ba mu ce a fasa ba. A yi da homa irin ta da, ba gidan sauro ba. Wadda yatsu uku ba su shiga idonta ba, ta tsaya a tudu."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce homar babansa ma haka take. Ya ce Tabita za ta tsaya a mashiga ta gwada kowace homa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Alhamdu lillahi! An yi su, an tashi lafiya. Jama'a har daga Nasko da Rijau. Tabita ta tsaya kamar 'yar sanda, kowace homa sai ta zura yatsu. Gidajen sauro suka taru tsibi a gindin ɗorawa. An yi gunaguni, wani har ya yi zuciya ya tafi, amma ba wanda ya tsallake maganar Sarkin Ruwa.

Sai aka zo kaina. Homar da na saƙa da hannuna, nake alfahari da ita. Yatsu biyu, na uku ya ƙi. Na yi mata raɗa, Tabita, ni ne fa. Ta ɗaga murya ta ce, "Malam Khalilu, ai kai ka fi kowa sani. Tudu."

Dariya kamar me. A tudu na wuni ina gadin takalman mutane. An kama tarwaɗa manya-manya, ana ɗaga homa ƙananan na zubewa ta ido suna komawa ruwa. Wallahi kowanne ya faɗa sai in ji daɗi har cikin raina.

Litinin, 12 ga Mayu

Ruwa ya sauka sosai jiya.

Juma'a, 13 ga Yuni

Kogi ya haɗe, ya shiga ciyawa. Na ɗauki fatsa da gwangwanin tana, na zauna a inda na saba. Ga 'ya'yan ragon ruwa nan gefe-gefe, sun kai tafin hannu, suna bin ruwa suna yin sama. Ban san ko namu ba ne. Namu ne mana.

Har rana ta yi ja ina zaune. Da na dawo Kubura ta buɗe gwangwanin tana za ta zuba wa kaji ragowa, ta tarar da shi cike. Ta dube ni. Na ce mata ruwan ne bai kwanta ba tukuna.