Idanun Ummi Ba Rashin Kunya Ba Ne

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya zafin Fatakwal? Ya maigidan da yara, ya ƙafar taki? Mu nan Gangare lafiya lau, sai dai maganar autata Ummi.

Tun bayan Sallah idanunta suka firfito. Iya, kakarta, ta ce zare wa manya ido take yi, har ta dungure mata kai gaban baƙi. A Islamiyya ma an zane ta, wai tana hararar malam. Yarinya ta koma tafiya kai a sunkuye. Ni kuwa na lura tana ci sosai amma sai ramewa take, ga gumi a wannan sanyi na Jos.

Na kai ta asibiti. Likita ya taɓa wuyanta, aka ɗebi jini, ya ce ciwon maƙoƙo ne ke turo idanun. An ba mu magani, za a daɗe ana sha.

Yanzu Iya ta dage sai wanzami ya yi mata tsaga. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe mini, amma aska ba za ta taɓa wuyan nan ba." Gobe kuma da ƙafata zan je in yi wa malam bayani.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Na gaya wa Ummi in kin zo ta ɗago kai ta kalle ki son ranta. Ba mai sake dukanta ina raye.

Ƙanwarki,
Asabe