Launin Ruwan Rijiyarmu

Inna,

Ina gaishe ki da fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Baba? Ya yaran Yaya?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa damuwa. Aiki ne dai ya ɗan ja baya. Kin san tanka nake tuƙawa, ina kwashe ƙazamin ruwan kamfanin jima ina juyewa a wani rami bayan gari. To, hukuma ta rage mana izinin zubarwa, wai ruwan yana tsiyaya ƙasa yana shiga rijiyoyin mutane. Yanzu sai mota ta wuni a ajiye. Na koma ɗaki ɗaya da abokan aiki, amma ana samun na sawa a baki.

Ranar da ma'aikatan hukumar suka zo, ina wurin. Kwalba suka ɗaura wa igiya, suka zura a rijiyar wata tsohuwa, suka ɗaga ta a rana suna dubawa. Inna, launin ruwan nan sak na rijiyarmu, tun da aka kafa kamfanin rini a bayan gidanmu. Sai na tuna Auta, yadda kike tace masa ruwa da gefen mayafinki, muna cewa ciwon ciki ne kawai. Allah Ya jiƙansa.

Don Allah a rufe rijiyar nan, ko da Baba zai yi faɗa don shi ya haƙa ta. Kada jikokinki su sha.

Abokan aikina kullum tsine wa dokar suke yi. Ni kuwa duk sanda na buɗe baki zan taya su, sunan Auta ke zuwa.

A sa ni a addu'a.

Ɗanki.