Abin da Ya Tsiro a Kyamarar Lahsan

Darul Baida, Litinin bayan Mauludi

Zuwa ga mahaifiyata Inna Hadda, ta hannun liman Si Hammu da zai karanta mata.

Inna, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya gwiwar nan taki? Ya su kawu, ya awaki, an fara kaɗa zaitun? Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya. Mu ma nan sai godiya.

Ga ni zaune gaban Si Bushayib, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin ofishin gunduma. Na ce masa ya rubuta yadda bakina ya faɗa, kar ya gyara, in ya gyara ba za ki ji muryata ba. Ban kira ki a wayar kanti ba saboda duk wanda ya zo sayen sukari sai ya ji.

Surukinki Lahsan ya sayi sabuwar kyamara ta aikinsa na ɗaukar hoto. Tsohuwar ta gaji, masu biki sun fara yi masa tsiya wai amarya tana fitowa kamar kakarta. A kasuwar Darb Gallaf ya samo ta, wurin wani mai kawo su daga Dubai a cikin akwatin tafiya. Wai iri ɗaya ce da ta shagon kamfani, sai dai wannan ta fi araha nesa ba kusa ba. Da ya tambayi takardar garanti, mutumin ya bugi ƙirji ya ce, "Ɗan'uwa, ni ne garantinka. Ga fuskata, ga rumfata, ina za ni?" Takardar da ke cikin kwalin kuwa ba Larabci ba, ba Faransanci ba, har Si Bushayib ya juya ta sama da ƙasa ya miƙo mini.

Ga abin da nake son ki ji. Ina gyara jakar kyamarar sai na tarar da wasu 'yan ƙullin abubuwa guda huɗu, farare, a liƙe ruf, da rubutu a jiki. Na girgiza ɗaya, ƙwayoyi ne a ciki kamar gishiri. An cusa su can cikin lungunan jakar, inda ido ba zai kai ba. Inna, kin tuna abin da aka tono a bakin ƙofarmu shekarar da saniya ta mutu? Irin wannan sammun na zata. Na ɗauke su da hannun hagu, na barbaɗa musu gishiri, na kai su teku. Maƙwabciyata Lalla Habiba ta ce na yi daidai, ba a san hannun da kaya ya bi ba. Lahsan bai sani ba, dariya zai yi mini. Kyamarar kuma ina naɗe ta cikin bargon ulu da kika saƙa mini, in sa ta a kabad na bangon baya, wanda jikarki Nuhaila ke kwana a gindinsa, don kar idon baƙi ya faɗa mata.

Duk Juma'a bayan mun ci kuskus yana hawa soro da Nuhaila, ya zaunar da ita jikin farin bango ya ɗauke ta hoto. Ga guda na saka miki. Kin ga haƙora biyu? Ki ce wa Si Hammu ya duba miki kusurwar sama, akwai wani abu kamar silin gashi. Lahsan ya ce ƙura ce.

Tana ɗan tari, ina ba ta zuma.

Ki gaida kowa da kowa. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki, Tuda. Ga yatsana na dangwala.


Darul Baida, Laraba

Innata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da duk mutanen gida. Man zaitun ya iso hannun direba, Allah ya saka, Allah ya bar mana ke. Ya sanyi a wajenku? Nan wata biyu ke nan wanki ba ya bushewa.

Inna, ba ƙura ba ce.

Na jera hotunan Juma'a bakwai a kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya. A na farko sili ɗaya ne. A na uku ya yi reshe. A na biyar rassan sun zama biyar, sirara, masu gaɓa-gaɓa kamar yatsu, suna saukowa daga sama. Kowace Juma'a suna ƙara matsowa inda take zaune. Ita kuwa tana ta dariya, ba ta san akwai abu a bayanta ba. Na hau soro na shafa bangon da hannuna, babu komai, fari tas. Si Bushayib, rubuta biyar, na ƙirga su da yatsuna.

Abin da ya fi tsorata ni, a hotunan biki ba a ganin sa. Na duba na amare, na duba na masu kaciya, babu. Lahsan ya ce don can akwai cunkoso da launi ne, farin bango ne ke nuna shi. To me ya sa tarin nata ke ƙaruwa tare da shi? In ta ja numfashi sai ki ji kamar butar shayi ta fara tafasa.

Ya koma wurin wanda ya sayar masa. Rumfar tana nan, amma wani ne a ciki yana sayar da rigunan waya. Ya ce, "Wane? Mai gemu? Nan kowa mai gemu ne, ɗan'uwa. Za ka sayi riga ko za ka matsa?"

Sai muka je wurin wakilin kamfanin, har da ni, da Nuhaila a baya. Wuri ne mai gilashi, sanyi kamar ɗakin gawa. Wani mai farar riga ya karanta lambar da ke ƙasan kyamarar, ya buga a na'urarsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ba ta shigo ƙasar nan ba." Lahsan ya ce, "Kamar yaya? Ga ta a hannuna!" Ya ce, "A hannunka tana nan. A wurinmu ba ta nan. Ba za mu buɗe ta ba, ba za mu sayar maka da kayanta ba." Ya ƙara da cewa lambar ta nuna an taɓa sayar da ita shekara biyu da suka wuce, a wata ƙasa can gabas inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Kwalin ne sabo.

Inna, abin da yake nan kuma ba ya nan, mene ne sunansa? Kuma wa ta kalla kafin ta kalli 'yata?

Na turara harmal da alif, maganin mugun ido, har idona ya yi ja. Na maƙala mata ɗan hannun azurfa na tsari a riga. Ranar Juma'a na tare ƙofar soro na ce ba zai ɗauke ta ba. Ya ce, "Tuda, inji ne, ba aljani ba. Kin zo birni amma kanki yana kan dutse tare da awaki." Ya ɗauka. Da ya kawo hoton bai miƙo mini ba, sai a aljihunsa na gani. Yatsa mafi tsawo ya taɓa kafaɗarta.

Ki ce wa Si Hammu ya yi mata rubutu, ki ba direba. Kar ki faɗa wa kawu.

Ina gaida ki, ina kewar ki.

'Yarki, Tuda.


Darul Baida, Asabar

Inna,

Ina gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, gida lafiya. Rubutun ya iso, ta sha. Ki yi haƙuri, yau sai da Si Bushayib ya ba ni ruwa sau biyu kafin na fara.

Shekaranjiya da hantsi Lahsan ya tafi wanke hotuna, sai na ɗauki kyamarar da bargonta na goya Nuhaila. Niyyata teku. A hanya Lalla Habiba ta tare ni ta ce, "Haukacewa kika yi? Abincin gidanku za ki jefa wa kifi? Kai ta wurin Ma'allam Jilali tukuna." Wani tsoho ne mai gyaran kyamara a bayan kasuwar kayan miya, shagonsa bai fi ɗakin kaji ba.

Ya cire idon kyamarar, ya haska ciki, ya leƙa da wani ɗan gilashi. Sai ya miƙe da sauri ya fitar da ita waje, ya ajiye a dakalin ƙofa, nesa da sauran kayansa, ya goge hannu. Na ce, "Baba, mene ne?" Ya ce, "Abu ne mai rai."

Inna, na ja da baya ina a'uziyya. Na kai hannu na tare yarinya a bayana.

Ya ce, "Zauna, 'yata, ba irin wanda kike nufi ba. Fumfuna ce, irin ta burodin da ya kwana uku. Da irinta ta zo daga can inda ta fito, ta samu danshi a wurinku ta tsiro a kan gilashin ciki. Na fitar da ita ne don tana kama na kusa da ita." Ya tambaye ni inda nake ajiye ta, na faɗa. Ya ce, "Bargon ulu? Ai gara ki sa ta a hammam, gidan wankan tururi! Babu wasu 'yan ƙulli farare a jakar?"

Na ce na kai su teku.

Ya yi dariya har hularsa ta zame. Wai aikinsu shan danshi ne, su ne masu tsaron ta. Ni da hannuna na kori masu gadi, Inna, har da barbaɗa musu gishiri.

Na ce zai gyaru? Ya ce da ta ƙofar kamfani ta shigo, da an canja gilashin an huta. Shi ba za su ba shi ba, sai dai ya wanke. Amma abin yana cin gilashi. Ko an kashe shi, sawunsa yana nan har abada.

Yana cikin magana Nuhaila ta yi tari a bayana, dogon nan mai shaƙewa. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Yarinyar nan ina take kwana?" Na ce gindin kabad ɗin. Ya ce, "Bar kyamarar nan. Je ki ja kabad ɗin daga bango. Yanzu, ba gobe ba."

Ni da Lalla Habiba muka ja shi, da rana tsaka, taga a buɗe.

Inna, yana nan. Baƙi ƙirin, daga rufi har ƙasa, da rassansa, sak na hoton amma ya fi mutum tsawo. Bangon sanyi ƙalau, yana gumi. Rassan sun sauko ta bayan kabad sun shige ƙarƙashin katifarta. Na ɗaga katifar, ƙasanta duk ya yi gashi. Daidai inda take sa kai. Lalla Habiba da ba ta rasa magana, salati kawai take yi.

Wata nawa ina kallon hoto ina tsoron abin da ke bayanta, ashe ni nake kwantar da ita a kansa kullum, in rufa mata bargo, in yi mata addu'a.

Mun koma kwana ɗakin Lalla Habiba. Jibi za mu asibiti.

Ki yafe mini. Ki yi mata addu'a da sunanta.

Tuda.


Darul Baida, Talata

Innata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida su kawu da liman. Allah ya sa kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, ni zan biyo bayanta.

Na faɗa wa Lahsan komai, har zancen teku. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Ni na sayo, ke kika ɓoye, bangon kuwa tun kafin mu zo yake jiran mu." Shi ya ɗauki katifar ya kai juji ya ƙone. Mai gidan hayar ya ce zai shafa fenti, wai haka duk unguwar take.

A asibiti sun ɗauki hoton ƙirjinta. Likitar mace ce, mai kirki. Ta ɗaga hoton jikin fitila, baƙi ne, ga 'yan haƙarƙarinta sirara. A tsakiya sai ga farare, Inna, rassa, suna bazuwa hagu da dama. Na yi ihu. Ta riƙe hannuna ta ce kowa yana da waɗannan, hanyoyin iska ne. Amma ta sa bakin alƙalami a wani wuri ta ce na nan sun fi yadda ya kamata kauri. Ta ba mu abin shaƙa. Ta ce kar yarinyar ta sake kwana a ɗakin nan ko sau ɗaya, a kai ta inda iska ta bushe.

Don haka ranar Alhamis za mu hau motar Azilal ta safe mu taho gida, ni da ita. Lahsan zai zauna ya nemi wani ɗaki. Ki share mana ɗakin sama mai kallon rana, ki fitar da buhunan sha'ir, ki shanya shimfiɗa kwana biyu. Ba zan zo da komai na ɗakin nan ba, har bargonki, ki yi haƙuri. Kawu ya tare mu a bakin hanya da alfadari, Nuhaila ba ta son ƙura.

Kafin mu fito na ce wa likitar, mai gyara ya ce abin ko an kashe shi sawunsa ba ya barin gilashi, shin ƙirjin yaro ma haka ne? Ta kalli Nuhaila, ta kalle ni. Ta ce in dawo da ita bayan wata shida a sake ɗauka.

Za mu ƙirga watannin tare, Inna. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Sai mun iso. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

'Yarki, Tuda.