Kan kifin Tuni yana firij

Abbu,

Ka yi haƙuri, na tafi da kyanwarka asibitin dabbobi kana barcin bayan asuba. Yau za a cire wa Tuni mahaifa. Da na tashe ka, da ka sake ba ta kan kifi a ɓoye kamar makon jiya, likita ya sake koro mu. Da yunwa ake aikin nan.

Na ji ka jiya kana ce mata, "Za su zalunce ki, 'yata." Haba Abbu! Wa ya binne 'ya'yanta biyar da damina yana kuka?

Sai la'asar za mu dawo. Kan kifin yana firij, kada ka taɓa shi yau. Gobe kai za ka ba ta, da hannunka.

Rumana