Katin da Ban Yanka Ba

Litinin, 8 ga Satumba

Na fara zuwa shagon Kawu. Mama ta ce da in kwanta a ɗaki ina haɗiyar littattafan soyayya har sakamakon jarrabawa ya fito, gara in je in koyi sana'a. Kawu ya ɗora ni a kan injin buga katin shaida. Ka sa masa farin kati ta nan, ya yi ta gurnani yana kai da komo, ya tofo shi ta can da fuskar mutum. Doka biyu ya ba ni: kati a gefe ake riƙe shi, yatsa ba ya taɓa cikinsa. Wanda kuma ya lalace, a yanka shi gida huɗu da almakashi. "Kin ji ko, Gimbiya?" Na ce na ji. Rabin hankalina yana babi na tara.

Laraba, 10 ga Satumba

Babban aiki ya shigo: katin ɗaukar yara na wata firamare. Gaba hoton yaro da sunansa, baya hoton wanda zai ɗauke shi. In ba kati, mai gadi ba ya sakin yaro. Shugabar makarantar ta zo da ƙyallen rigar ɗalibansu, ta ce wannan koren take so, ba ɗan'uwansa ba. A kwamfuta kore ne shar. A kati sai ya fito kamar ruwan kwata. Kawu ya gwada sau bakwai, ya yi tsaki, ya tafi shan iska.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na samo shi! Na goge cikin injin tas, na rage rawaya, na ƙara shuɗi kaɗan-kaɗan, na bar shi ya huce tsakanin gwaji da gwaji. Da na fita da katin rana na ɗora shi a kan ƙyallen, ban gane inda ɗaya ya ƙare ba.

Amma garin murna na dangwala babban yatsana a bayan katin kafin in buga ɗaya fuskar. Hoton uban ya fito dishi-dishi, gemu kawai ake gani. Yarinyar kuwa ras, 'yar aji ɗaya mai giɓi, tana dariya. Na ɗauki almakashi na kasa. Korena na farko ne fa. Na soke shi cikin littafina ya zama alamar shafi. Wa zai sani?

Asabar, 13 ga Satumba

Wani ya shigo kwafar takarda ɗaya tak. Dogo, farar riga, agogo mai baƙin madauri. Ya ce, "Sannu da aiki, ƙanwata." Na amsa wa tebur.

Laraba, 17 ga Satumba

Mai Agogo ya dawo, karo na uku. Kullum sai Kawu ya tafi cin abincin rana. Ya tsaya a kaina katunan suna faɗowa, ya ce, "Wa ya haɗa wannan kalar? Ke? Kai, wannan ido ba na kowa ba ne." Kunnuwana suka ɗau zafi. Na zuba masa bayani kamar an kunna ni: yadda launi uku ke hawa ɗaya kan ɗaya, da yadda shatin yatsa ke ɓata fuska. Har na buɗe littafi na nuna masa katin da na ɓoye. Ya daɗe yana kallo. Gaban katin ya fi kallo.

A littafi, a nan ne ake cewa zuciyarta ta buga.

Alhamis, 18 ga Satumba

An kai wa makaranta katunansu. Ina share ƙarƙashin benci na tsinci kwafin Mai Agogo, duka ukun, a dunƙule. Takarda ɗaya ce yake ta kwafa, tallan gidan haya. Wataƙila mantuwa ce.

Juma'a, 19 ga Satumba

Mai Agogo ya ce in ara masa littafin, ƙanwarsa tana son irinsu. Ya miƙo hannu tun kafin in amsa. Ni kuwa ban iya cewa a'a ba, ban taɓa iyawa ba. Sai da ya sha kwana na tuna abin da ke ciki.

Ya ma tambaye ni, wai ƙananan aji ƙarfe nawa suke tashi. Na ce ban sani ba. Ya yi murmushi ya ce ba komai, shi ya sani.

Litinin, 22 ga Satumba

Bai zo ba. Duk wanda ya tura ƙofa sai gabana ya faɗi, kuma ba irin faɗuwar littafi ba. Na ɓata kati huɗu. Kawu ya ce, "Gimbiya, yau wane yarima ne ya mutu?" Na yi dariyar dole.

Talata, 23 ga Satumba

Na ture kwanon abinci. Mama ta taɓa goshina ta ce ba zazzaɓi. In na faɗa, Kawu zai san na karya doka, Mama za ta san na tsaya hira da baƙon namiji. In ban faɗa ba... Giɓin yarinyar nan kawai nake gani.

Laraba, 24 ga Satumba

Na faɗa. Da safe, Kawu bai gama ɗage ƙofa ba. Muryata kamar ta sauro, sai da ya ce in maimaita. Bai yi faɗa ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya mayar da ƙofar ya kulle, ya ce, "Taho."

A ofishin Shugaba aka kira mai gadi, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya ce ai jiya wani ya zo da katin yarinyar, ya ce shi baffanta ne. Shugaba ta ce, "Ka duba fuskar?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, fuskar ta ɗan goge, amma kalar tamu ce sak. Na boge ba ya fitowa haka." Yarinyar ba ta zo ba jiya, mura ta kwantar da ita. Mai gadin ya ce wa mutumin ya dawo yau.

Yau tana aji. Na hango ta ta taga tana tauna fensir.

Kalar tamu ce sak. Kwana bakwai ina jiran wani ya ƙara faɗin haka.

Alhamis, 25 ga Satumba

Uban yarinyar ba shi da ɗan'uwa namiji. Kawu ya ce jiya lokacin tashi an ga wata mota ta tsaya a tsallaken titi. Mai gadi yana karɓe korayen katuna yana zubawa a bokiti, ga 'yan sanda biyu a gefe. Motar ta ɗan jima, sannan ta ja a hankali. Ba wanda ya riƙe lamba.

An yi mini tambayoyi. Yaya kamanninsa? Sai na ga agogon na fi sani.

Asabar, 27 ga Satumba

Mun tarar da littafin a bakin ƙofar shago, an ɗora masa dutse kada iska ta buɗe shi. Babu komai a ciki. An lanƙwasa kusurwar shafin da na tsaya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Sabon kati ruwan goro ne, hoton mai ɗauka ya cika bayan gaba ɗaya. Ni na ce a yi haka, a gaban Shugaba, da bakina. Gwaji tara kafin kalar ta zauna. Na tara ya yi kyau ƙwarai, tabo ɗaya ne a gefe. Na yanka shi gida takwas.

Wani saurayi ya leƙo yana yabon aikin, na ce masa ya koma bayan kanta. Kawu ya ɗago ya dube ni, bai ce Gimbiya ba.

Littafin yana ƙarƙashin katifa. Saura babi uku. Ba wai na daina ba ne, lokaci ne dai babu.